Tambaya da Amsa: Me Zai Hana A Sare Kurmi A Yi Gona?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni manomi ne daga Bichi, kullum ina jin ana kuka wai ana sare dajin Amazon da na Kwango. Toh ni abin da ban gane ba, wurin da ruwan sama baya yankewa, ga ƙasa mai kyau, ai gara a share a noma abinci mutane su ci, mu nan da muke roƙon ruwa. Dan Allah a warware min.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya ba da damina mai albarka. Tambayarka ta manomi ce kuma na ji daɗinta, amma akwai wuri ɗaya da zan ja da kai, wato maganar ƙasa mai kyau. Yawancin ƙasar kurmi ba ta da ƙarfi ko kaɗan.

Na taɓa shiga kurmin Kuros Riba, wajen Kalaba. Rana tsaka amma ciki duhu-duhu kamar magariba ta kusa, ga zufa, ga ƙamshin ruɓaɓɓen ganye. Na durƙusa na tona da hannu, baƙar ƙasar nan ba ta wuce tsayin yatsa ba sai na tarar da ja a ƙasanta. Kaga ƙarfin wurin duk a jikin itatuwan yake, ganye ya faɗo, gara da naman kaza da zafi da laima su ruɓar da shi cikin 'yan makonni, saiwa ta sake zuƙe shi tun ruwa bai wanke ba, haka abin ke ta zagayawa. In ka sare ka ƙona, tokar za ta ba ka amfani shekara 2 ko 3, daga nan ruwan da kake sha'awa shi zai kwashe komai ya bar maka fako. Shi yasa a Burazil, ƙasar da mafi yawan dajin Amazon yake, da yawan wuraren da aka share suka ƙare a makiyayar shanu.

Kuma wallahi akwai abin da ke ba ni mamaki har yau. Ƙurar hunturun nan da ke busar mana da leɓe, wani ɓangarenta yana tsallake Tekun Atilantika ya sauka a Amazon. Ɗaya daga manyan wuraren da take tasowa shi ne Bodele a arewacin Chadi, gindin tsohon tafki ne da ya ƙafe. A 2015 masu bincike da tauraron ɗan'adam na NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, sun ƙiyasta sama da tan miliyan 27 na ƙurar Sahara na sauka can duk shekara, a ciki akwai kamar tan 22,000 na fosfaros, wannan P ɗin da kake gani a buhun NPK. Wato dajin da kake ganin ya fi kowa arziki har taki ake kai masa daga wajenmu.

Ruwan ma ba kyauta yake zuwa ba. Babban kaso daga cikinsa itatuwan ne ke zuƙo shi daga ƙasa su fitar ta ganye ya zama hadari ya sake zuba can gaba. Ka rage dajin, ka rage ruwan.

Sai kuma abin da ke zaune ciki. Amazon kaɗai an ƙiyasta irin bishiya wajen 16,000. A kan iyakar Najeriya da Kamaru akwai wani irin goggon biri da ba a samunsa ko'ina a duniya sai nan, bai kai 300 ba yanzu, in ya ƙare ya ƙare kenan. Goron da muke rabawa a ɗaurin aure ma ɗan kurmi ne, shi ya kai fatakenmu har Gwanja a ƙafa da jakuna. Ba na cewa kar talaka ya yi noma, mutanen kurmi sun daɗe suna shuka goro da koko a inuwar manyan itatuwa dajin na tsaye. Abin da ke ƙona min rai shi ne a shigo da injin sara a baje eka dubbai lokaci guda.

Tambaya: Malam da gaske ne Amazon ke ba duniya kashi 20 cikin 100 na iskar da muke shaƙa? Daga wata ɗaliba a Maraɗi.

Amsa: A'a 'yata, maganar ta yaɗu sosai a Facebook amma ba haka take ba. Iskar oksijin da dajin ke fitarwa, kusan duk shi da halittun cikinsa ne ke shanye abinsu. Babban aikinsa shi ne riƙe kabon, wato sinadarin da in ya taru a iska yake ɗumama duniya, a jikin itatuwa, ranar da aka cinna masa wuta duk sama yake tafiya ya ƙara mana zafi.