Amsa ga Hajiya: har yanzu ana yin dikte a lekol (makarantar boko) a Kamaru?

Salamu alaikum jama'ar gida, barkanmu da yamma. Hajiya, na saurari muryarki tun da safe, ina cikin aji ne shi ya sa ban amsa ba. Kin ce kin buɗe kayen ɗanki na CM1, wato littafin rubutunsa na aji biyar na firamare, a layi biyar jan biro ya fi baƙi yawa, kina tambaya wai an daina koya wa yara rubuta kalma daidai ne a lekol? To ku yi haƙuri, maganar za ta ɗan yi tsawo.

Ba a daina ba, Hajiya. Dikte, wato shiftar Faransanci, na nan cikin jadawalin mako, yana cikin sabon tsarin karatun firamare da aka kawo a 2018, kuma ranar CEP, jarrabawar gama firamare, sai an karanta wa yaro ya rubuta. Abin da ya mutu shi ne gyara. Ki riƙe wannan, gyara.

Yadda aka yi mana a da, metir, wato malamin aji, zai faɗi kalma, ya buga tebur da rula, kowa ya duƙufa kan ardowas, ɗan ƙaramin allon hannu, da alli. Ya sake bugawa, a ɗaga sama. Ido ɗaya zai yi ya ga wanda ya ɓata, a goge, a sake. In an yi dikte a kaye kuwa, kalmar da ka ɓata sai ka kwafe ta sau goma kafin ka tafi gida, mako mai zuwa a sake jefo maka ita. Ga dokar nan ta kuskure biyar sifiri, wadda har tsofaffinmu na unguwar Hausare ke tunawa suna dariya.

Yanzu fa? Tun da aka soke kuɗin makarantar firamare ta gwamnati a 2000 yara suka cika ajujuwa, abin farin ciki ne, ba na musu. Amma benci da malamai ba su ƙaru daidai da yaran ba. Ki ɗauka aji yana da yara 90, wanda a nan Garwa ba abin mamaki ba ne. Kaye ɗaya minti 2 kacal, awa 3 ke nan a kan dikte guda. Wane metir ne zai yi wannan kowane mako? Balle malamin da iyaye ke biya ta hanyar ƙungiyarsu ta APE, wanda wata ya ƙare bai ga kuɗinsa ba, da an tashi ya hau mashin neman na cefane. Sai a rubuta gyaran a babban allo, a ce kowa ya musanya kaye da maƙwabcinsa. Makaho ya ja makaho. Na bayan aji ma ba ya ganin allon.

Sannan ga tsarin wucewa. Ajujuwan nan shida na firamare an haɗa su biyu-biyu: SIL da CP, CE1 da CE2, CM1 da CM2, kuma a cikin kowane biyun yaro wucewa yake yi ba maimaici. Sai ki ga ya iso CM1 bai gama haɗa baƙi da wasali ba.

Kuma mu yi wa yaran nan adalci. Faransanci ba a rubuta shi yadda ake jin sa. Yaron da ya tashi da Hausa a gida, Fulatanci a unguwa da kasuwa, ranar da ya shiga SIL ya fara jin wannan harshe. Ka ce masa sautin "o", sai a rubuta shi o, ko au, ko eau. Ka ce "ver", kore ne, ko kofin gilashi, ko tsutsa, kowanne da rubutunsa. S ɗin jam'i ba a furta shi, ent na ƙarshen aikatau ba a furta shi. Kunne ba zai taɓa ba shi wannan ba, sai ido. Idon kuma me zai gani, alhali benci guda littafin karatu ɗaya suke leƙe, wani bencin ma babu?

Kawu ya ce tun da aka hana bulala komai ya lalace. Kawu, Allah ya ja kwana, a nan kam ban bi ka ba. Dokar ilimi ta 1998 ta hana duka a makaranta, gaskiya ne, amma bulala ba ta taɓa sa wa kowa s a ƙarshen kalma ba. Kwafewar da ke biyo bayanta ce ta koya mana. Ka dubi makarantar allo: babbaƙu, farfaru, malam ya karɓi allonka ya duba da idonsa, ya gyara, ba za ka wanke ba sai ya zauna. Kowane yaro ana ganin rubutunsa, shi ke nan sirrin.

Waya kuma, e, tana da nata laifi. Bjr, slt, cv, maimakon bonjour, salut, ça va, haka suke rubuta wa juna, in sun ɓata wayar ta gyara musu. Amma ɗan CE1 na ƙauye da bai taɓa riƙe waya ba shi ma yana ɓatawa, don haka kar mu ɗora mata duka kayan. Mu ma nan gurup, wa ke rubutu? Duk murya muke turawa, har da ni da nake metir. A kwaleji kuwa, a BEPC, jarrabawar gama ƙaramar sakandare, rubutu mai kurakurai ake ba yaro ya gano ya gyara. Yana da amfani, amma ni a ganina gane kuskuren wani daban, fitar da kalma daga kanka daban.

To Hajiya, ga abin da za ki yi. Ki saya masa ardowas da alli. Bayan magariba yayarsa ta zaɓi kalma biyar daga littafinsa na karatu, ya kalle su da kyau, a rufe littafin, ya rubuta. Wadda ya ɓata a sake ta gobe. Ran Asabar a haɗa su cikin jimla biyu. Kar ki tara masa shafi guda, zai tsani abin. Ki kuma je wurin metir ɗinsa da sallama, ba da faɗa ba, ki roƙa a dawo da shi bencin gaba, ki lura ko yana runtse ido in yana kallon allo.

Kayen nan kuma ki ɗauko min hoton shafi biyu ki turo ta gefe, in ga ko haruffan ne ke ba shi wuya ko nahawu, don maganinsu ba ɗaya ba ne. Ga kiran salla can, sai an jima.