Kutse don tona asirin ɓarayin gwamnati: ya halatta?

Tambaya: Malam, ina da ilimin kwamfuta, kuma na gano ɓaraka a shafin wata ma'aikata. Manya na wawure dukiyar talakawa ba mai tanka musu. Laifi ne in shiga in kwaso takardunsu in baza wa duniya? Daga wani ɗalibi a Zariya.

Amsa: Ɗana, haushinka yana kan hanya, amma kyakkyawar niyya ba za ta kare ka daga doka ba. Sashe na 6 na Dokar Laifukan Intanet ta 2015 ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 5, ko tarar da za ta iya kai naira miliyan 5, ko duka biyun, ga mai shiga kwamfuta ba izini da nufin zamba ya ɗebo bayanai masu muhimmanci ga tsaron ƙasa. Kuma sawunka ba ya ɓacewa: sabar, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafin, tana rubuta adireshin IP (lambar da na'urarka ke amfani da ita a intanet) da lokacin shigarka, layin wayarka kuma yana haɗe da lambar NIN.

Ga misali: a Amurka, wani masanin kwamfuta, Aaron Swartz, ya sauke miliyoyin maƙalun ilimi na JSTOR, wani rumbun maƙalu na intanet, ta layin jami'ar MIT don yana ganin ilimi hakkin kowa ne. An kama shi a 2011, aka jera masa tuhuma 13, ya rasu a 2013 yana ɗan shekara 26. Abin ya yi tsanani, kuma har yau yana ci mana rai.

Kada ka taɓa bayanan kowa. Rubuta wa ngCERT, sashen gwamnati mai kula da matsalolin tsaron intanet, bayanin ɓarakar da ranar da ka gan ta. Takardun kuɗi kuwa, nemi su da wasiƙa ƙarƙashin Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011. Ma'aikata na da kwana 7 ta amsa, in ta ƙi, kotu ce gaba.