Kiran Waya Ta Intanet: Inda Ya Kamata Ɗan Kasuwa Ya Zuba Kuɗinsa

Wani mai sayar da atamfa a Kantin Kwari, wanda ke da sito a Sharaɗa da reshe a Kaduna, ya rubuto cewa kuɗin katin da yaran shagonsa ke ƙonawa wajen kiran juna ya ishe shi, yana tambaya ko komawa kira ta intanet zai rage masa ɗawainiya.

Alhaji, zai rage, amma sai ka san abin da kake saye. Kira tsakanin shago da sito da reshe ba ya cin komai ban da data, matuƙar an haɗa wayoyin a kan manhajar rarraba kira irin su Asterisk ko FreePBX, waɗanda kyauta ake samun su. Kiran abokin ciniki a layinsa na salula kuwa sai ka bi ta kamfanin da ke da lasisin hukumar sadarwa ta Najeriya, NCC, kuma za ka biya kuɗin minti. Idan yaranka ba su wuce biyar ba, tsarin CUG na kamfanonin layi, wanda ke haɗa layukansu rukuni guda domin kiran juna da rangwame, ya ishe ka.

Kada wani ya ruɗe ka da sayen intanet mai tsada. Kira ɗaya a G.711, wato tsarin mayar da murya data, bai kai kilobit 100 a daƙiƙa ba wajen aikawa, haka ma wajen karɓa, wato kira 10 a lokaci guda ba su cika megabit ɗaya ba. Abin da ke tsinka murya shi ne cunkoso: kyamarorin tsaro suna tura hotuna, yaro yana ɗora bidiyon sabbin kaya a WhatsApp, murya kuma tana bin layi a bayansu. Saƙo yana iya jira, amma magana ba ta jira, domin da zarar jinkiri ya haura milidaƙiƙa 150 (milidaƙiƙa 1,000 ne daƙiƙa ɗaya), ma'aunin da hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ta ba da shawara, sai masu magana su fara katse juna. Saboda haka ka umarci mai haɗa maka ya kunna saitin QoS a rauta, wato na'urar da ke rarraba intanet, domin murya ta riƙa wucewa gaba, ya ware wa wayoyin hanyarsu ta VLAN, ya kuma kashe wani saitin rauta mai suna SIP ALG, wanda sau da yawa shi ke sa kana jin mutum shi ba ya jin ka. Wayoyin tebur su hau kebul, kada a dogara da Wi-Fi a cikin cunkoson kasuwa.

Kaso mafi tsoka na kuɗinka, a ganina, wuta ya kamata ya ci, domin da an ɗauke ta rauta ta mutu, kira ya yanke. Ka sayi inbata da batir, da na'urar PoE mai ba wayoyi wuta ta kebul ɗinsu. Ka canja kalmar sirrin da na'urorin suka zo da ita, ka kuma rufe kiran ƙasashen waje idan ba ka buƙatarsa, domin ɓarayin intanet suna kutsawa su yi kira, kai kuma a kawo maka takardar biya. Kada ka cika wa mai aikin kuɗinsa sai an gwada kira a lokacin da kasuwa ta fi cika.