Direban NVIDIA ko buɗaɗɗen direba: wanne zan ɗora wa kwamfutata?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da ɗan shago a Jos, wajen Bauchi Road, inda nake tace bidiyon biki da gyaran hotuna. Kwamfutata ta tebur ce, tana ɗauke da katin girafik GTX 1050 Ti da na saya na hannu. Da Windows 10 ta daina samun sabuntawa, kuma injin bai cika sharaɗin Windows 11 ba, sai na koma Linux Mint. Tun daga lokacin bidiyo ke tsinkewa, komai ya yi nauyi. Wani abokina ya ce in ɗora direban kamfanin NVIDIA, wani kuma ya ce buɗaɗɗen da ya zo da Mint, wato wanda kowa ke iya ganin asalin rubutunsa ya gyara, ya fi aminci, kada in kuskura. Wanne zan bi? In zan sauya kati nan gaba, wanne ya dace?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. A kan wannan katin naka babu dogon zance: ɗora direban NVIDIA, yau ma ba sai gobe ba. Abokinka na biyu yana da gaskiya a babban hoto, ni ma ra'ayina ya fi karkata can, amma shawararsa ba ta dace da GTX 1050 Ti ba.

Direba shi ne manhajar da ke tsakanin Linux da katin, shi ke faɗa wa katin abin da zai zana da kuma gudun da zai yi. Wanda Mint ta ɗora maka tun farko sunansa Nouveau. Ba NVIDIA ta rubuta shi ba. Masu sa kai ne suka zauna suna lura da yadda katunan ke amsa umarni, suka gano hanyar magana da su ba tare da kamfanin ya ba su cikakken bayani ba, kuma aikinsu ya shiga kenel, wato zuciyar Linux, a 2010. Aiki ne da ya cancanci yabo. Matsalar ta taso ne daga katunan jerin GTX 900, inda NVIDIA ta sa katin ya ƙi karɓar ƙaramar manhajar da ake loda masa a ciki sai in tana ɗauke da sa hannun kamfanin. Sashen da ke kula da wuta da fanka da ƙara gudu yana cikin abin da wannan kulle ya shafa, kuma ba a sakar wa mutanen Nouveau abin da za su buɗe shi da shi ba. Katinka na jerin GTX 10 ne, na 2016, yana tsakiyar waɗanda abin ya fi shafa. Don haka da gudun da ya tashi da shi lokacin kunnawa, da shi zai wuni, kamar motar da aka ɗaure a giya ta ɗaya daga Jos har Bauchi. Nauyin da kake gani ke nan. Katin lafiyarsa ƙalau, kuma ba wani saiti da za ka taɓa a Nouveau ya warware wannan.

Yadda za ka yi: buɗe Driver Manager a cikin Mint, zaɓi direban NVIDIA da aka rubuta cewa shi ake ba da shawara, ka bar shi ya gama, ka sake kunna injin. Kafin haka ka adana kwafin tsarinka da Timeshift, manhajar ajiya da ta zo da Mint, domin in allo ya yi baƙi ka samu inda za ka koma. Kada ka sauko da fayil ɗin nan mai ƙarewa da .run daga shafin NVIDIA, ko da ka ga wani a YouTube yana yi. Yana aiki, amma yana zaune ne a wajen tsarin sabuntawa na Mint, kuma galibin masu kawo min injin da ya daina nuna hoto bayan sabunta kenel ta wannan hanya suka bi. Sannan ka zaɓi lokacin da wuta ta tsaya, ko ka jona UPS. Direban yana haɗa wani sashe nasa da kenel a lokacin ɗorawa, in aka ɗauke wuta a tsakiya sai ka wayi gari da rabin aiki. Ka tanadi data kuma, don ya kai ɗaruruwan megabait.

Akwai wani tarko da ke kama mutane da yawa. In Secure Boot, tsarin tsaron da ke hana loda manhaja marar sa hannu lokacin kunnawa, a kunne yake a injinka, Mint za ta nemi ka ƙirƙiri kalmar sirri, bayan ka sake kunnawa kuma wani shuɗin allo zai fito yana neman ka yi rajistar makulli. Mutane kan tsorata su tsallake shi, sai direban ya ƙi tashi, su ce bai yi ba. Ka zaɓi Enroll MOK, ka sa kalmar sirrin nan. In ka shiga, rubuta nvidia-smi a Terminal, tagar da ake rubuta umarni; in ya nuna sunan katinka, an gama.

To, ina gaskiyar abokinka na biyu take? Rufaffen direba kamfani kaɗai ke ganin asalin rubutunsa, shi kaɗai ke iya gyara shi, kuma shi ke yanke ranar da zai daina. Katunan GTX 600 da yawancin na 700 an tsayar da su a direba mai lamba 470. Naka kuma, NVIDIA ta sanar a 2025 cewa jerin 580 ne na ƙarshe da zai ɗauki GTX 900 da GTX 10, sai gyaran tsaro da ta ce zai ci gaba zuwa Oktoban 2028. Bayan nan Linux za ta ci gaba da sauyawa, direban yana tsaye wuri ɗaya, har ranar da za su daina jituwa. Wannan ya fi damun mu fiye da mutanen Turai, domin mu katunan da suka gama yayi a can su muke saye a Terminus, ko a Banex in mutum ya leƙa Abuja, mu yi shekaru muna cin abinci da su. Kati mai rai ya zama tarkace saboda kamfani ya rufe littafinsa, ni wannan yana min ciwo. Ba ni kaɗai ba: a 2012, a jami'ar Aalto da ke Finland, Linus Torvalds wanda ya ƙirƙiro Linux ya bayyana NVIDIA a matsayin kamfanin da ya fi ba su wahala.

Dubi ɓangaren AMD. Tun 2007 suka fara sakin bayanan katunansu, a 2015 direbansu amdgpu ya shiga kenel, sauran aikin kuma yana cikin Mesa, buɗaɗɗiyar manhajar zana hoto ta Linux, inda injiniyoyin AMD da Intel da Valve da Red Hat ke aiki a fili. Ka soka katin, ka kunna, shi ke nan, babu abin saukewa. Na'urar wasan Steam Deck ta 2022 a kan wannan buɗaɗɗen direba take gudu, saboda haka kada wani ya ce maka buɗaɗɗe yana nufin mai rauni. Katunan HD 7000 na 2012 har 2025 ana yi musu gyara a kenel, shekaru bayan AMD ta daina kula da su a Windows. Intel ma haka tsarinta yake.

NVIDIA ta ɗan sassauto. A Mayun 2022 ta buɗe sashen direbanta da ke shiga kenel, a 2024 ta mayar da shi zaɓin farko, amma daga jerin GTX 16 da RTX 20 zuwa sama kawai, kuma babban sashen da ke zana hoto da CUDA, fasahar NVIDIA ta sa kati yin lissafi mai nauyi, har yanzu a rufe yake. A waɗannan sababbin katunan Nouveau ma ya samu damar ƙara gudu tun Linux 6.7, ga kuma sabon buɗaɗɗen direba mai suna NVK da ke tasowa. Duk wannan alheri bai iso kan katinka ba. In ka ga wani zaɓi mai kalmar open a ƙarshen sunansa, ba naka ba ne.

Batun sayen sabon kati kuwa, manhajar da kake aiki da ita za ta yanke hukunci. In Kdenlive ko Shotcut da GIMP kake amfani da su, sayi AMD hankali kwance. RX 6600 zaɓi ne mai kyau, wutarsa wat 132. RX 580 ta fi araha a kasuwar na hannu, amma tana shan wat 185, katinka na yanzu kuwa 75 ne kawai. Ga mai aiki da janareto ko sola wannan bambanci kuɗi ne, kuma sai ka duba ko akwatin wutar injinka yana da igiyar da za ta ciyar da ita. Da yawan katunan RX 580 na hannu an yi haƙar kirifto da su dare da rana, don haka a gwada maka ita da aiki mai nauyi a gabanka kafin ka biya.

In kuma kana shirin komawa DaVinci Resolve, ko Blender, ko ayyukan ƙirƙirarriyar basira, zauna a NVIDIA, ka nemi RTX 20 ko sama da haka. Waɗannan manhajoji sun fi sabawa da CUDA, a AMD kuwa sai ka ƙara da ROCm, takwaran CUDA na AMD, wanda ba kowane kati yake ɗauka ba. Ka sani kuma Resolve na kyauta a Linux ba ya buɗe bidiyon H.264 da yawancin wayoyi da kyamarori ke ɗauka, sai ka fara juya shi zuwa wani tsari. Wannan batun lasisi ne, sauya direba ba zai magance shi ba, don haka ka gwada shi da bidiyon biki ɗaya a kan katin da kake da shi kafin ka kashe kuɗi.