Shin 'yan Sikh gauraya Musulunci da Hindu suka yi?

Malam, ka ce addinin Sikh ɗinki ne kawai, rabi Musulunci rabi Hindu, kuma ka ga suna rusuna wa littafi.

Na fahimci inda zargin ya fito. An haifi Guru Nanak, wanda ya kafa addinin, a 1469 a Talwandi, garin da yanzu ake kira Nankana Sahib a Pakistan, cikin gidan Hindu, abokin yawonsa kuwa Musulmi ne, Mardana mai kaɗa garaya irin tasu. Littafinsu mai tsarki da Guru Arjan, jagoransu na biyar, ya tattara a 1604 ma har da baitocin Shehu Farid, sufi Musulmi. Amma 'yan Sikh ba su yarda da maganar ɗinkin ba, suna cewa saƙo ne na kansa da aka ba Nanak. Ubangiji ɗaya suke kira, Waheguru, ba a haife shi ba, ba shi da siffa, sun ƙi gumaka da bambancin asali. Sai dai sun yi imani da sake dawowar rai bayan mutuwa, nan suka rabu da mu sarai.

Rusunawar kuwa girmamawa ce, tunda a 1708 Guru Gobind Singh, jagoransu na goma, ya mayar da littafin jagoransu na dindindin.