Tsofaffin Tayoyi da Kwangilar Ƙaramar Hukuma: Ta Ina Zan Fara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina harkar gwangwan a Agege, na tara kamar naira miliyan 4. Na ji ana niƙa tsofaffin tayoyi a yi tayil ɗin roba da ake shimfiɗawa a makarantu da filayen wasa, kuma wai ƙananan hukumomi za su riƙa saye. In sayi injin niƙa in nemi kwangila?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Maganar niƙa taya a yi tayil da ka ji gaskiya ce. Ana raba taya gida uku: roba, wayar ƙarfe da zare. Robar ake niƙawa a haɗa da gam a matse ta zama tayil ko bulon daɓe, a wasu ƙasashen har cikin kwalta ake zuba ta. A Ibadan akwai kamfanin Freee Recycle da ke wannan aiki. Legas kuma tana da ƙananan hukumomi 20 da yankunan raya ƙasa 37, kowacce da makarantun firamare da kasuwanni da tashoshin mota. To amma shawarata, kada ka sayi injin nan yanzu.

Niƙa taya ba aikin inji ɗaya ba ne. Akwai mai zare wayar bakin taya, akwai mai yankawa, akwai mai niƙawa, sai maganaɗisun da ke tsince ƙarfe, sannan na matsewa. Dukkansu wuta suke ci sosai, kuma ka san a garin nan duk wanda bai yi lissafin dizal ba bai yi lissafi ba. Kuɗinka za su ƙare kafin tayil ɗin farko ya fito.

Sai maganar kwangila. A watan Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa bai wa ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, shi ya sa mutane da yawa suka fara hangen can. Amma aikin hukuma sai da rajistar CAC (hukumar rajistar kamfanoni) da lambar haraji, kuma sau da yawa kai za ka yi da kuɗinka, biya ya zo daga baya, wani lokaci bayan watanni. Mai jari kaɗan ba ya iya jiran haka. Ciyaman ya ce "za mu duba" ba takarda ba ce.

Gurbin da ya dace da kai shi ne tarawa da kaiwa, kuma a nan ka fi masu manyan injuna. Ka san masu faci, ka san garejin tirela, kana da yara masu zagaye. Duk mai niƙa, babban ciwon kansa shi ne samun taya kullum ba yankewa. Ka fara da neman mai saye kafin ka tara ko guda ɗaya. Ka tambaye shi: da kilo yake saye ko da ƙirga? Ta ƙaramar mota yake so ko ta babbar mota? Wa zai biya kuɗin mota? Tambayar ƙarshen nan ita ce ribar gaba ɗaya, domin taya iska ce a cikinta, tana cika mota tun nauyi bai kai ba. Idan Ibadan za ka kai, tafiyar fiye da kilomita 100, ka yi jigilar iska da kuɗin dizal. Saboda haka idan za ka kashe kuɗi a kan wani abu, ka kashe a kan abin yanka taya gida biyu ko huɗu, lodi ya zauna.

Kada kuma ka zuba komai a tudu ɗaya. Ka ware masu sauran rai, da waɗanda masu takalma da masu kujeru ke nema, tif kuwa masu guga da masu ɗaurin kaya na sayensa. Sauran ne na niƙa. Abu ɗaya zan ja kunnenka a kai: kada ka bari yaranka su ƙona taya don ciro waya. Hayaƙin guba ne, kuma LASEPA (hukumar kare muhalli ta jihar Legas) da LAWMA (hukumar kula da shara ta jihar) ba sa wasa da wannan. Haka wurin ajiya, a rufe shi, don da damina taya na tara ruwa sauro ya yi gida, maƙwabta su kai ƙara. Ka je LAWMA ka tambayi yadda ake rajistar masu tara kayan da ake sake sarrafawa, musamman ganin yadda gwamnatin jihar ke korar masu tura kurar shara.

Idan har ranka na kan ƙaramar hukuma, ka shiga ta ƙofar baya ta halal: ka nemi izinin kwashe tayoyin da ke toshe magudanan ruwa a unguwarku. Su sun huta, kai ka samu kaya kusan kyauta, kuma sun san fuskarka ranar da aikin daɓe zai taso, ka haɗa kai da mai masana'anta ku nema tare.

Ka ware abin da bai wuce rubu'in jarinka ba, ka yi lodi biyu ko uku na gwaji, ka rubuta kowace naira har ta 'yan dako da ta 'yan agbero a hanya. Sauran kuɗin su ci gaba da juyawa a gwangwan. Allah ya sa albarka.