Amsa ga ƙanenmu na Mai Wurno ta ƙasar Sudan a kan sake zama jarrabawar shiga aikin gwamnati

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ƙanena, na karanta tambayarka a tsanake. Ka ce ka kammala digiri a fannin muhasaba, wato lissafin kuɗi, ka yi hidimar ƙasa, ka nemi aikin gwamnati ta hannun lajna, wato kwamitin ɗaukar ma'aikata, har sau uku ba ka dace ba, kuma yanzu zuciyarka tana raya maka ka haƙura ka bi abokanka zuwa haƙar zinariya a arewacin ƙasar. Kana son sanin ko akwai amfanin sake gwadawa, in kuma akwai, wane irin shiri ya kamata ka yi.

Ni ma ta wannan hanya na biyo. Na sha tsayawa gaban allon sanarwa ina bin sunaye da yatsa har ƙasa ban ga nawa ba, kafin Allah Ya nufa na shiga aiki a daraja ta tara, wadda ita ce mashigar masu digiri, a wata ma'aikatar jiha a nan Gadarif. Tun daga lokacin nake zama da ƙannenmu masu shirin irin wannan jarrabawa. Amsata ita ce akwai amfani, amma da sharaɗi guda: kada ka koma da shirin da ka je da shi a baya, kuma kada ka buɗe littafi ko ɗaya sai ka tabbatar a wane mataki ne ake ajiye ka.

Na faɗi haka ne domin a cikin tambayarka ka ce kawai "na faɗi", alhali neman aiki ta hannun Hukumar Zaɓen Ma'aikata ta Ƙasa, ko ta hannun lajnonin jihohi, matakai uku ne daban-daban: tantance takardu, jarrabawar rubutu, sannan mu'ayana, inda za ka zauna gaban kwamiti su yi maka tambayoyi baki da baki. Manomin da dawarsa ba ta yi ba, sai ya san ko ruwa ne ya ɗauke, ko tsuntsu ne ya cinye, ko ƙuduji ne ya shaƙe gonar, domin kowanne da maganinsa. Wanda aka ajiye a wajen takardu, in ya kwana yana haddar tarihi, wahala kawai yake sha, wanda kuma yake cin rubutu yana faɗuwa a mu'ayana, ba ƙarin littattafai yake bukata ba. Ka zauna ka tuna kowane zama a cikin ukun nan, ka rubuta inda sunanka ya tsaya.

Maganar takardu mutane suna raina ta, amma na ga ta kayar da masu ilimi da yawa tun kafin su riƙe alƙalami. Ka ɗauko lambarka ta ƙasa, da shahadar sakandare, da shahadar jami'a tare da takardar bayanin darussa, da shahadar hidimar ƙasa, ka jera su ka karanta sunanka na huɗu-huɗu, wato naka da na mahaifi da na kakanni biyu, a kowacce, harafi bayan harafi. Mu musamman wannan yana damunmu, domin sunayen kakanninmu na Hausa kowane magatakarda yadda kunnensa ya ji yake rubuta su da Larabci, sai ka tarar sunan kaka ya zo da siga ɗaya a lambar ƙasa, ya zo da wata a shahadar jami'a. Gyaran wannan yana cin lokaci, saboda haka a yi shi tun babu sanarwa. Haka nan ka tabbatar shahadar jami'arka tana da hatimin tausiƙi, wato na tabbatar da ingancinta, na Ma'aikatar Ilimi Mai Zurfi. Tun da yaƙi ya ɓarke a ranar 15 ga Afrilun 2023 mutane da yawa sun rasa takardunsu na asali a Khartum da Madani da Sinja, kuma jami'o'i da dama sun koma aiki daga wasu garuruwan, to in kana cikin waɗanda abin ya shafa ka fara neman madadin yanzu, sannan ka ɗauki hoton kowace takarda ka ajiye a wurin da ba wayarka kaɗai ba. Ka kuma riƙa karanta sharuɗɗan kowace sanarwa har ƙarshe, musamman iyakar shekaru da darajar digiri da sunan fannin da ake nema, domin neman gurbin da bai dace da shahadarka ba ɓata kuɗin mota ne.

In kuwa a rubutu kake tsayawa, to a nan zan daɗe, domin nan ne aikin hannunka ya fi tasiri. Abin da ya fi amfanata shi ne littafin rubutu guda ɗaya mai bango mai ƙarfi. Duk ranar da na fito daga ɗakin jarrabawa, kafin na je gida, nakan zauna wajen mai shayi na rubuta duk tambayar da na iya tunawa, sannan na tare waɗanda muka zauna tare na tambaye su abin da suka tuna na ƙara. A gefen kowace tambaya nakan sa alama iri uku: wadda na sani na amsa, wadda ban sani ba sam, da wadda na sani amma lokaci ya ƙare ban kai gare ta ba. Da littafin ya fara cika sai na ga abin da ban taɓa zato ba, wato yawancin makin da nake rasawa yana cikin kashi na uku ne. Kai da ka zauna sau uku kana da wannan arziki a kanka, wanda sabon shiga ba shi da shi, sai dai yana gushewa in ba a rubuta ba. Ka nemi abokan zamanka na baya tun ba su manta ba.

A jarrabawoyin da na zauna, abin da ake tambaya bai wuce Larabci da Turanci da sanin al'amuran yau da kullum da kuma fannin mutum ba. Sashen sanin al'amura yana tsorata mutane saboda suna ganin ba shi da iyaka, amma tambayoyinsa suna zagayawa ne a wurare sanannu. Dole ka san cewa an samu 'yancin kai a ranar 1 ga Janairun 1956 kuma Isma'il al-Azhari ne firaministan farko, cewa madatsar Sinnar da ke kusa da ku an kammala ta a 1925 kuma ita ce ta shayar da aikin noman Jazira, cewa Jabal Auliya ta zo a 1937, Rusairis a 1966, Marawi a 2009, cewa yarjejeniyar ruwan Nilu ta 1959 ta ba Sudan kubik mita biliyan 18.5 ta ba Masar 55.5, cewa Kudu ta ɓalle a ranar 9 ga Yulin 2011, kuma jihohi 18 ne, kowacce da babban birninta. Kada ka haddace su a warwatse. Ka ɗauki zare guda, misali ruwa da noma, ka bi shi daga Sinnar har Marawi kana tambayar kanka dalilin gina kowace madatsa da abin da ta shayar, domin abin da aka fahimci dalilinsa ba ya saurin zubewa a ɗakin jarrabawa. Ka haɗa da sauraron labarai kullum, kana rubuta sunayen masu riƙe da manyan muƙamai, tunda suna sauyawa.

Larabci kuma kada ka yarda ka ce ai da shi ka yi karatu tun daga firamare. Larabcin kasuwa da muke yi da maƙwabta daban ne da wanda ake gwadawa a takarda. Wuraren da ake kama mutane sanannu ne: hukuncin adadi da ma'adudi, inda daga uku zuwa goma adadin yake saɓa wa abin ƙirgawa a jinsi, da wuraren da hamzar inna take ɗaukar kasra, da kana da 'yan'uwanta, da mamnu'i minas sarfi, da rubutun hamza a tsakiyar kalma. Littattafan nahawu na sakandare sun isa, ba sai ka nemi manya ba. A nan mu da muka tashi a makarantar allo muna da wata dama da ba mu cika amfani da ita ba, domin kunnen da ya saba da karatun Alƙur'ani yakan ji kuskuren i'irabi tun kafin ya san sunan ƙa'idar. Ka kuma koyi rubuta wasiƙar ofis da taƙaita dogon rubutu, kana ba wani malamin Larabci yana gyara maka da jan alƙalami. Turanci shi ne raunin yawancinmu tun bayan da aka mayar da karatun jami'o'i zuwa Larabci a farkon shekarun 1990, kuma ba a gyara shi a mako biyu. Sakin layi ɗaya a kullum, ka karanta, ka amsa tambayoyi a kansa, ka rubuta sababbin kalmomi, ya fi kwana uku a jere ana gobe jarrabawa.

A fanninka kuwa, ka sani muhasabar jami'a ta kamfanoni ce mafi yawa, alhali mai tambayarka ma'aikacin gwamnati ne kuma da harshen gwamnati yake tunani. Ka nemi Dokar Ma'aikatan Gwamnati ta Ƙasa ta 2007, da Dokar Ayyukan Kuɗi da Lissafi ta 2007 tare da la'iharta, wato ƙa'idojin aiwatar da ita, ta 2011, da Dokar Saye da Ƙulla Kwangila ta 2010, ka karanta su da alƙalami a hannu. Ka san cewa shekarar kuɗi tana farawa a Janairu ta ƙare a Disamba, cewa fasali na farko a kasafi shi ne albashi da haƙƙoƙin ma'aikata, cewa Urnik 15 shi ne rasidin karɓar kuɗin gwamnati kuma an mayar da shi na lantarki a 2015, ka kuma iya bayyana bambancin aikin Diwanin Hisabi da na Diwanin Bincike na Ƙasa da na mai binciken cikin gida. Duk wannan ka riƙa gwada kanka a kansa da agogo a gabanka. Ka zauna a ɗaki kai kaɗai, ka kashe waya, ka sa wa kanka lokacin da ya gaza na jarrabawa kaɗan, ka saba da tsallake tambayar da ta tsaya maka ka dawo mata daga baya.

Mu'ayana wani abu ne daban, kuma a nan ne tarbiyyar gidajenmu takan juya mana baya. An koya mana sunkuyar da kai da sassauta murya a gaban manya, wanda ladabi ne a zauren mahaifi, amma kwamiti yakan ɗauke shi rashin tabbas. Ka sa abokai uku su zauna a bayan tebur, ka ƙwanƙwasa ka shigo ka yi sallama, su tambaye ka, wani ya ɗauke ka da waya ka kalli kanka daga baya. A zaman da na dace, wani dattijo a kwamitin ya cire tabarau ya tambaye ni abin da zan yi in ragowar kuɗin da ke littafina ta saɓa da takardar banki. A lokacin ina riƙe wa wani ɗan kasuwar riɗi littattafansa a kasuwar amfanin gona ta Gadarif, kuma a makon nan na yi fama da irin wannan saɓani, wanda ya fito daga cekin da muka ba wani manomi bai kai banki ba tukuna da kuma kuɗin hidima da banki ya cire ba mu shigar ba. Na ba shi labarin yadda na bi su ɗaya bayan ɗaya har lissafin ya daidaita. Ya mayar da tabaransa ya yi rubutu mai ɗan tsawo, kuma daga nan sauran tambayoyin suka zama hira. Saboda haka nake roƙonka kada ka zauna a gida da sunan shiri. Ka nemi wani mai shago ko mai injin niƙa ko kwamitin masallaci ka riƙe musu lissafi, ko da ladan kaɗan ne, domin tambayar "me kake yi tun da ka gama" tana nan tafe, kuma amsarta tana da nauyi.

Na san abin da ke ranka wanda ba ka rubuta ba, wato maganar wasɗa, samun aiki ta hanyar wanda ka sani. Ba zan ce maka babu ita ba, domin duk wanda ya yi wannan nema ya ga sunan da ya ba shi mamaki. Amma na ga yadda wannan magana take cinye matasanmu, har mutum ya shiga ɗaki da shirin rabi-rabi saboda ya riga ya yanke wa kansa hukunci, ya faɗi, sannan ya ce ga shi abin da ya faɗa ya tabbata. Ba kowane gurbi ne aka riga aka raba ba, musamman inda ake ɗaukar mutane da yawa a lokaci guda, da guraben ƙananan hukumomi na nesa waɗanda masu gata ba sa son zama a cikinsu. Ka faɗaɗa nemanka zuwa can, ka daina kafa ido a kan manyan ma'aikatun tarayya kaɗai. Wanda kuma ya ce ka ba shi kuɗi ya sa sunanka, ka guje shi, domin ko dai mayaudari ne ko kuma zai shigar da kai aiki ta ƙofar da za ta dame ka har ka yi ritaya.

Game da tafiya arewa, gaskiya ita ce albashin daraja ta tara ba ya riƙe gida shi kaɗai, tun ma kafin yaƙi, lokacin da hauhawar farashi ta haura kashi 300 cikin 100 a 2021, kuma kusan duk abokan aikina suna da gona ko wata sana'a a gefe. Abin da aikin yake bayarwa shi ne dawwama da fansho da inshorar lafiya, da kuma samun namu a cikin ofisoshin da iyayenmu suke shiga da fargaba, wanda ni a wurina ba ƙaramin abu ba ne. Ramin zinariya kuwa yana iya ba da kuɗi da sauri, amma rushewar ramuka da gubar zaiba ba labarin ƙanzon kurege ba ne, kuma wanda ke can ba ya jin sanarwa a kan lokaci, balle ya samu natsuwar karatu. Ka lissafa shekarun da suka rage maka kafin iyakar da sanarwoyin fanninka suke sakawa, ka zauna da mahaifiyarka da yayyenka ka faɗa musu wa'adin da ka ɗiba wa wannan nema da aikin da za ka riƙa yi a cikinsa, domin matsin gida yakan ragu in sun ga tsari a gabansu.

Muna zama da wasu ƙannenka kowace Asabar bayan sallar La'asar, waɗanda ke nesa kuma suna shiga ta waya. In kana so, ka turo mini saƙo ka faɗa mini matakin da sunanka ya tsaya a kowane zama, tare da tambayoyin da ka iya tunawa, ni kuma zan ɗauki hoton shafukan littafina da suka shafi muhasabar gwamnati na aiko maka kafin zama mai zuwa. Allah Ya yi maka zaɓin alheri, ka gaishe da mutanen gida.